Ƙarfen Sabis a Aboabo: Ina Za a Kafa Shi?

Telan Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Wanda bai ji ba ya ji: wani kamfani ya nemi izinin kafa ƙarfen sabis a unguwarmu, nan Aboabo ta Kumasi, kuma takardar tana gaban kwamitin tsara gari na Asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma. Wuri biyu ake magana a kai. Ɗaya tsakar wani gidan haya ne da ke jingine da makarantar allo, ɗayan kuma fili ne a bayan tasha, dab da rafi. An ce mazauna su kawo ra'ayinsu kafin kwamiti ya zauna. Ni ɗan haya ne a gidan. Ga tawa a waƙe kamar yadda muka saba, mai amsa ya amsa a waƙe.

Bismillahi da shi nake buɗe baki,
Salati da sallama ga Annabinmu.

Ku taso Aboabo, ku taso Sawaba,
Magana ta iso ƙofar ɗakunanmu.

An zo da tef an auna tsakar gida,
Inda mata ke shanya tufafinmu.

Nan ake girki, nan ake alwala,
Nan yara ke rarrafe a gabanmu.

Nan muke shimfiɗa tabarmar suna,
Nan muke zaman makokin mamatanmu.

Bayan katanga allo ne da tawada,
Yara na biya karatu gun malaminmu.

An ce ƙarfe za a dasa mai tsawo,
Ya zarce hasumiyar masallacinmu.

Janareta a gindinsa da tankin dizal,
Ya kwana yana ruri in wuta ta bar mu.

Dumsor, yawan ɗauke wuta, ba labarinta aka ba mu ba,
2015 tana nan cikin tunaninmu.

An zauna da masu gida an yi shawara,
Mu 'yan haya ba mai tambayar sunanmu.

Kuɗin hayar ƙarfe aljihu guda za shi,
Ƙara da hayaƙi kuwa rabon dukkanmu.

Ban ƙi sabis ba, da waya nake cin abinci,
Da ita masu ɗinki ke nemo shagonmu.

Tambayata guda ce ga 'yan kwamiti:
Duk faɗin Kumasi, sai tsakar gidanmu?

'Yar MoMo

Kawu, ina gaisuwa da ladabi,
Ga nawa kukan, ka ba shi kunnuwa.

Ƙarƙashin lema nake a bakin titi,
Daga fitowar rana har zuwa faɗuwa.

Tun 2009 MoMo, tura kuɗi ta waya, ta shigo ƙasar nan,
Yau har mai gawayi da ita take sayarwa.

Bayan Magariba kowa ya hau waya,
A lungunmu layi ba ya samuwa.

Tsohuwa ta zo cirar kuɗin magani,
Ɗanta na Italiya ne ya yi turowa.

Na danna, na sake, waya na ta juyi,
Ta koma hannu rabbana tana ɗingisawa.

Wani ya ce kuɗinsa sun fita ba su isa ba,
A kaina yake sauke zagi da tsawa.

Mai naƙuda da dare in za ta asibitin Manhyia,
Da waya ake kiran mai pragya, keke mai ƙafa uku, ya zo ɗaukowa.

In an kore shi nan, an kore shi can,
Wa zai biya asarar da nake tafkawa?

Ban ce dole tsakar gidanku ba, Kawu,
Amma a kafa shi, a bar jinkirtawa.

Mma Mai Koko

Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Ni dai ban yi karatun boko ba,
Amma ban rasa kunnen ji ba.
An ce iskar ƙarfen nan cuta ce
Wadda ido bai isa ya gani ba.
An ce tana taɓa mai juna biyu,
Ba ta bar jaririn goye ba.
Jikokina a makarantar nan suke,
Ba mu haife su don gwaji ba.
In ƙarya ce mai ilimi ya faɗa mini,
Ban zo gardama da kowa ba.

Malamin Kimiyya

Mma, kin yi tambaya cikin girma,
Ga abin da na karanta, ga bayani.

Iskar da ƙarfen nan yake watsawa
Dangin ta rediyo ce wadda kika sani.

Ba irin hasken hoton ƙashi ba ce,
Wanda likita ke yi da awo da mizani.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006
Ta tattara binciken masanan zamani,

Ta ce ba a samu hujja mai gamsarwa ba
Cewa ƙarfen sabis yana cutar da wani.

A 2011 masu binciken ciwon daji
Sun ce mai yiwuwa ne, a ƙara tunani,

Sai dai wayar da ke manne a kunne
Ita suka fi dubawa, fiye da ƙarfen kamfani.

Eriya daga can sama take harbawa,
Ta miƙe nesa, kaɗan ke sauka gindin gini.

Kuma in sabis ya yi rauni a ɗaki,
Waya ce ke ƙara ƙarfi, wannan ki sani.

Akwai ma'aikata a Kwabenya ta Akra,
Ta hukumar nukiliya, masu awo da idon basira da gani,

Su ke auna iskar da ƙarafan nan ke fitarwa,
A nemo takardarsu, a karanta a gani.

Tsorona ni a ƙasa yake, Mma,
Dizal, da ruri, da zurfin tushen gini.

Abin da ya sa na dage a kan wannan, Mma, ba don in kare kamfani ba ne. Idan muka shiga gaban kwamiti da maganar ciwon daji kaɗai, injiniyansu zai buɗe takardar awo, magana ta mutu a nan take, mu fito ba mu samu komai ba. Hujjar da za ta tsaya da ƙafarta ita ce wadda kowa zai ji da kunnensa ko ya auna da tef: taku nawa ne daga janareta zuwa tagar ɗakin kwana, taku nawa daga tankin mai zuwa murhun mata, in ƙarfen ya faɗi a kan wa zai faɗa. Yaron da bai yi barci ba ba ya riƙe karatu, wannan kullum ina ganinsa a aji.

Ɗan Mai Gida

Baba tela, ban isa in ɗaga maka murya ba,
Kai ka ɗinka mini rigar farko ta biki.

Amma ka san halin da gidan nan ke ciki,
Kwano ya ruɓe, ruwa na zuba a ɗaki.

Tun rasuwar Alhaji magada sun yi yawa,
Ga marayu, ga zawarawa, ga rashin aiki.

Mun daɗe ba mu ƙara muku haya ba,
Don zaman amana, don zaman kirki.

Bayan gida guda ga dukan jama'ar nan,
Layi tun asuba, abin ba kyan gani, ba sauƙi.

Da kamfani ya zo da tayin shekaru,
Hajiya sabon rufi ta hango a ciki.

Ba ta sa hannu ba tukuna, ka ji daga gare ni,
Ta ce sai ta ji ta bakin masu haƙƙi.

In kun ƙi ba za mu riƙe ku a zuci ba,
Amma damina na tafe, wa zai rufa ɗaki?

Telan Aboabo

Ɗana, ka yi magana, Allah ya yi maka albarka,
Yoyon da ka faɗa a kan gadajenmu.
Ka gaida Hajiya, ka ce muna son zama,
Gara a ƙara haya da a sayar da barcinmu.

Mai Turin Kaya

Baba, ƙarin haya kai za ka iya,
Ni mai turin kaya a kasuwar Kejetia ba zan iya ba.
Ruri na san zai dame ni da dare,
Amma bai kai a watso mini kaya waje ba.
In za ku zauna ku kira mu mu ma,
Ba duk 'yan haya ne aljihunsu ɗaya ba.

Tsohon Magini

Kuna ta batun gida, kuna yabon tasha,
Wai ita ce mafita don ta ɗan yi nisa.

Na yi aikin gini har gemu ya yi fari,
Filin nan bola ce aka rufe da ƙasa.

Haƙa kaɗan ka tarar da leda da ruwa,
Ba abin da tushe zai zauna a bisa.

Rafin Aboabo in ruwan Yuni ya sauka,
Yakan cika ya batse, ya shiga gida ya fasa.

Ga iskar farkon damina, Maris da Afrilu,
Mai yaye kwano ta jefar da shi nesa.

Dogon ƙarfe shi ke fara karɓar iska,
In tushe ya yi laushi ba a yi masa wasa.

Ku tuna Achimota, Nuwamba 2012,
Benen kanti ya rufta, rayuka aka rasa.

Kafin a sa hannu a gwada ƙasar wurin,
Injiniya ya buga hatimi da sunansa.

In an ce tashar dole, a kafa turaku,
A tura su har tsandauri, komai zurfinsa.

Magajiyar Layi

Na taɓa zama a Yunit Kwamiti na unguwarmu, na ga yadda irin wannan takarda ke tafiya. Ku saurara, akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata.

Asambuli ba ita kaɗai ke yanke magana ba,
Ƙofofi ne da yawa, haka tsarin doka.

Dokar tsara ƙasa ta 2016, lamba 925,
Ita ta ba kwamitin ikon duba ayyuka.

EPA, hukumar kare muhalli, ke duba ƙara, hayaƙi da maƙwabta,
Ba izininta, ba ka da ikon fara harka.

NCA, hukumar sadarwa mai kula da kamfanonin waya,
Tana da ƙa'idar da ta hau kansu duka.

Kuma mu maƙwabtan filin jirgin Prempeh ne,
Muna jin jirgi in zai tashi ko zai sauka,

Don haka hukumar jiragen sama ke yanke tsawo,
Da jar fitilar da dole a kai a saka.

A farkon 2010 gwamnati ta tsai da kafa ƙarafa,
Sun yi yawa, wasu ba izini aka kafa su haka.

Daga nan aka fito da ƙa'idar tarayya:
In akwai ƙarfe kusa, hau shi da kayanka.

Shi ya sa kamfanonin ATC da Helios ke riƙe da ƙarafa,
Kamfanonin waya na hayar gurbi a kansu duka.

To ga tambayar da za mu ajiye a tebur:
Ka nemi gurbi a na kusa kafin ka zo da tef ɗinka?

In ya cika, ko bai kai lungunmu ba,
Kawo shaida a rubuce, mu ga hujjarka.

Akwai kuma gajeriyar eriya ta kan bene,
Ba ta cin tsakar gida, ba rami, ba haƙa.

Kuma ku rubuta, ku sa hannu, ku riƙe kwafi. Maganar baki a bakin masallaci ba ta shiga fayil. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Ku kai wa ɗan Asambuli na unguwa guda, ku kai wa Sarkin Zango guda don fada ta san abin da ake ciki, kuma mata su je zaman da kansu, don su ne ke wuni a tsakar gidan.

'Yar MoMo

Hajiya Magajiya, hanyarki ta yi mini,
Ƙarfen da ke tsaye ya fi saurin hawa.
Amma a sa wa'adi cikin takardar,
Kar shekara ta zagayo muna ta jirawa.

Mma Mai Koko

Malam na gode, hankalina ya ɗan kwanta,
Amma ban janye batun jikokina ba.
A zo a auna, a karanta mana da Hausa,
Ban yarda da takardar da ban ji ba.

Telan Aboabo

To ga abin da za mu rubuta, jama'a,
Ku duba, in da gyara ku sanar da mu.

A fara neman gurbi a ƙarfen da ke kusa,
In bai yiwu ba, a duba benayen layinmu.

Tsakar gida da jikin makaranta mun ƙi,
Tasha sai da gwajin da magini ya koya mu.

A auna iska a karanta wa su Mma,
A sa wa'adi don 'yar lemar titinmu.

Mai turin kaya, na ji ka, ba a bar ka ba,
Batun rufi mu yi adashi tsakaninmu,

Mai hali ya ba da kuɗin kwano tun yanzu,
Hajiya ta riƙa cirewa a hayarmu.

Malam ya rubuta da Turanci da Hausa,
Magajiya ta ja gaba ranar zamanmu.

Ɗan Mai Gida

Baba, na karanta wa Hajiya baitocin duka,
Ta ce Juma'a bayan La'asar a zo ɗaki.
Za ta fito da takardar kamfanin kowa ya gani,
A zo da magini ya hau ya duba kwano da katako, ya yanka kuɗin aiki.