Riyal 50 ɗin da aka mayar wa Baffa Ado a jirgin alhazai

Baffa Ado: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar da muka sauka a Dutse. Kun san tare da Inna muka yi aikin Hajjin nan, kun kuma san yadda ƙafarta take. A hanyar dawowa daga Jidda, wata yarinya cikin ma'aikatan jirgin ta riƙe ta tamkar ita ta haife ta. Sau uku tana kama hannunta zuwa banɗaki, ta ɗaura mata bel, da sanyi ya dame ta ta nemo bargo ta lulluɓe ta. Da muka sauka na dunƙule riyal 50 na ce ga tukwici. Ta yi murmushi ta ce ba a yarda su karɓa ba. Na ce to ki miƙa wa matuƙin, ta ce shi ma haka. Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ƙasa a ido. Ni dai a ganina dokar nan ba ta yi ba. Mutumin da ya tsallako da ɗaruruwan rayuka ta saman teku da hamada, ya sauke su lafiya, wa ya fi shi cancantar tukwici?

Sabo: Baffa, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Shekarata 19 ina jan mota tsakanin Ringim da Kano. Ranar da fasinja ya ce mini "riƙe canjin", wuni nake da farin ciki, ba don yawan kuɗin ba, sai don na san ya ga ƙoƙarina. Mayar da hannun kyauta baya ba tarbiyyarmu ba ce.

Nura: Baffa, Allah ya karɓi ibada, ya ƙara wa Inna lafiya. Amma a yi mini afuwa, yarinyar nan ba raina ka ta yi ba. Galibin kamfanonin jiragen sama sun hana ma'aikatansu karɓar kuɗi daga fasinja, kuma wanda aka kama zai iya shiga matsala a wurin aikinsa. Da ta karɓa, wani ya ɗauka a waya, ita za ta kwana a ciki.

Sabo: Ai dokar muke magana a kai, Nura. Su Turawan da suka ƙirƙiro jirgin, ba a ƙasarsu ake ba mai kawo abinci tukwici ba?

Nura: A Amurka ne abin ya yi ƙarfi, Yaya Sabo, kuma akwai dalili. Dokar tarayyarsu ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 a awa, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne, don an ɗauka masu cin abincin za su cike giɓin da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da suka ci. Ka ga can tukwici ya tashi daga kyauta, ya koma albashin da maigida ya sauke daga kansa ya ɗora wa baƙo. Ko a can ɗin ma, da kamfanin jiragen sama na Frontier ya sa gurbin tukwici a na'urar biyan kuɗi ta cikin jirgi, har daga farkon 2019 kowane ma'aikaci ya riƙa riƙe nasa, ƙungiyar ma'aikatan jirgin da kanta ce ta nuna rashin jin daɗi. Hujjarsu ita ce su jami'an kare rai ne, a gyara musu albashi kawai.

Malam Habu: Alhaji, niyyarka kyakkyawa ce, kuma in sha Allahu ladanka na nan. Annabi (SAW) ya ce ku yi wa juna kyauta za ku so juna. Sai dai akwai wani hadisin a Bukhari da Muslim da ya kamata mu ajiye kusa da wannan. An aiki Ibnul Lutbiyya karɓo zakka, da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni. Manzon Allah ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar? Malamai sun ɗauki darasi a nan cewa kyautar da kujera ta jawo wa mutum daban take da wadda zumunci ya jawo. Yarinyar nan albashi ake biyanta don ta kula da kowa a jirgin, kuma wanda ya ɗauke ta aiki ya shardanta mata kada ta karɓa. Cika sharaɗin da ta yi amana ce.

Baffa Ado: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma ni ban ba ta kafin tafiya ba, balle a ce toshiya ce. Sai da aka gama komai, jirgi ya tsaya, ba abin da ya rage ta yi mini. Me zan saya a lokacin? Ko ɗan aiken da ya kawo maka ƙwaryar fura daga maƙwabta kana ba shi tukwici, ba wanda ya taɓa kiran wannan cin hanci.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne, ta fuskarka babu laifi ko kaɗan. Ta fuskarta nake dubawa.

Gwaggo Talatu: Yaya Ado, bari in sa baki, don ni na ga inda wannan hanyar take ɓullewa. Shekara 26 na yi ina karɓar haihuwa kafin in yi ritaya. A wani asibitin da na zauna, haka abin ya fara, da zuciya ɗaya: an sauka lafiya, miji ya ji daɗi, ya ba ungozoma na goro. Ba wanda ya roƙa. Kafin shekara biyu, wasu abokan aikina sun koyi karanta mutum tun daga bakin ƙofa. Matar da aka kawo a mota, a tashi da gudu. Wadda aka kawo a amalanke daga ruga, ta jira a benci tana murƙususu. Har yau ina tuna wata baiwar Allah da ta kusa rasa ranta a kan bencin nan, kuma ba wanda ya ce mata ta kawo ko sisi. Kai ka bayar bayan aiki, haka ne, amma wanda ya karɓa yau, gobe da ido biyu zai shiga aiki, ɗaya a kan mara lafiya, ɗaya a kan aljihu. Ka tuna su wa ke cikin jirgin alhazai. Akwai tsohon da ya sayar da gonarsa ya biya kujera, guzurinsa ya ƙare tun a Makka, ko tsarabar jikoki da ƙyar ya haɗa. Inna ta samu wannan kulawar ne ba tare da yarinyar ta san kai mai shanu ne a Maigatari ba. Ni abin da ya burge ni ke nan.

Sabo: Gwaggo, asibiti daban, jirgi daban. A jirgi shayi da burodi kawai suke rabawa.

Nura: A'a Yaya Sabo, rabon shayin shi ne ƙaramin aikinsu. Kafin a ba babban jirgi izinin ɗaukar fasinja, sai an gwada cewa za a iya fitar da kowa cikin sakan 90 ta rabin ƙofofinsa, kuma waɗannan ma'aikatan ne ke fitarwar. Ranar 2 ga Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokiyo ya kama da wuta, suka fitar da mutum 379 ba wanda ya mutu a cikinsa. Kuma Japan ƙasa ce da ba a san ta da al'adar tukwici ba. Batun matuƙi kuwa, Baffa, ba shi kaɗai ba ne, aƙalla su biyu ne, kuma tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 ƙofarsu a kulle take in ana tafiya. Ga injiniyan da ya duba jirgin da dare, ga na hasumiya da ya ba shi hanyar sauka. In don sauka lafiya ne, su ma da haƙƙinsu a riyal 50 ɗin nan.

Baffa Ado: Talatu, maganar matar bencin nan ta taɓa ni. Amma har yanzu ban gamsu a hana mutum nuna godiyarsa ba. Addu'a kam mun yi mata, Inna har yau tana sa mata albarka bayan kowace salla. Ni so nake wani abu ya isa hannunta.

Nura: Akwai hanya, Baffa. A rubuta wa kamfanin takardar yabo, a sa ranar tafiya da lambar jirgi da lambar kujerar Inna. Da waɗannan za su gane ma'aikatan da suka yi aiki a ɓangaren, kuma irin wannan takarda tana kaiwa ga shugabanninta. Ka riƙe sunan da ke maƙale a rigarta?

Baffa Ado: Da boko aka rubuta, ban iya karantawa ba. Amma guntun tikitin yana cikin jakar Inna, tare da fasfo.

Sabo: Ni dai ina nan a kan bakana, takarda ba ta sayen sabulu. Da dabino ka miƙa mata, Baffa, ina jin da ta karɓa.

Baffa Ado: Ajwa na cikin babbar jaka a lokacin, ba ta hannuna. Nura, in ka shigo ranar Juma'a ka biyo ta gida bayan masallaci, kafin mu wuce gona. Inna ta ce ita za ta faɗi abin da za a rubuta.