Abin da aka ce kan hankali a majalisarmu

Bayan isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, ƙauyenmu nan kusa da Ringim, aka ɗauko zancen wai mene ne hankali, ga abin da na tsinta.

Liman ya ce a fiƙihu sai da hankali ake ɗora wa mutum hukunci, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci da yaro da mai barci, kuma yana cikin abubuwa biyar da shari'a ke karewa tare da addini, rai, zuri'a da dukiya. Daga nan ya gangaro kan samari masu shan tiramol da sholisho, ya ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma ina, iyaye ne za su sa ido.

Kawu shi kuma ya ce kar a haɗa wayo da hankali. Mai wayo ne ke zuba tsakuwa a ƙasan buhun gero ya kai kasuwa, ya ci riba yau gobe kowa ya guje shi, mai hankali kuwa ba ya kwashe rumbu da kaka don biki saboda ya san damina na tafe kwano zai yi tsada. Ni dai nan na fi gamsuwa gaskiya.

Wani ɗalibi ya ce ai karatu shi ne hankali, aka yi masa caa. Kawu ya ce ɗana hankali ke gani ido gululu ne, ka riƙa saurare kafin ka amsa, labarin WhatsApp kuma ka bincika tukuna kafin ka tura wa jama'a.