Zauren Gida da Lambu: Wace shuka ce za ta rayu a bene?

Amaryar Kubwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ku taimaka min. Mun tare a bene hawa na biyu, babu tsakar gida, sai 'yar baranda da taga ɗaya a falo. Fulawa biyu na saya a bakin titi, wata ɗaya bai cika ba duk ganyen ya yi rawaya ya zube. Kuma wallahi safe da yamma nake ba su ruwa.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ai da bakinki kin faɗi abin da ya kashe su. Shukar cikin ɗaki ba yakuwar bayan gida ba ce. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki ƙyale ta. Sannan ki juya tukunyar ki duba, tana da huda a gindi?

Amaryar Kubwa: Kai Hajiya, babu. Irin ta roba ce mai ado.

Hajiya Babba: Shi ke nan, saiwar ce ta ruɓe. Ki gasa ƙusa ki huda ta, ko ki nemi tukunyar ƙasa, ita tana tsotse rarar ruwa.

Maman Biyu: Ni shawarata ki fara da moda, wadda Turawa ke ce wa harshen suruka. Tawa tana lungun falo inda rana ba ta kaiwa. Na tafi Kano bikin ƙanwata na yi sati uku, na dawo na same ta tsaye ƙyam kamar soja. Alobera kuwa haske take so, ki kai ta baranda ko bakin taga, in ba haka ba ta yi ta miƙewa tana ramewa.

Malamin Zariya: Ƙanwata, ki kula da ƙasar da masu fulawa ke zubawa a leda, sau da yawa laka ce, tana riƙe ruwa. Ni nakan haɗa ƙasa da yashi da busasshen kashin tumaki, in marmasa gawayi a ciki. Busasshe fa, ɗanye yana ƙona saiwa ya tara ƙudaje.

Anti Nas: A ƙara da wannan, don akwai yara a gidajenmu. Akwai wata mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari, Dieffenbachia. Kyakkyawa ce, amma in yaro ya tauna, baki da harshe suna kumbura. Kuma farantin da ake sawa a ƙarƙashin tukunya a riƙa zubar da ruwansa, sauro na ƙyanƙyasa a ciki.

Maman Biyu: Anti, da gaske ne moda tana tace iskar ɗaki?

Malamin Zariya: Daga binciken da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi a 1989 maganar ta samo asali, amma a rufaffen akwati aka yi gwajin. A falonki buɗe taga ya fi tukunya biyu aiki.

Hajiya Babba: Ni dai abin da zai shiga tukunyar miya na fi so. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya a baranda, tsinke ɗaya za ki sa a kofin ruwa ya yi saiwa. Su kam suna shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Da hunturu kuma ki riƙa goge ƙurar ganyen moda da jiƙaƙƙen tsumma, kar ki ajiye komai saitin iskar AC.

Amaryar Kubwa: Allah ya saka da alheri. Fulawar maƙwabciyata kuma wasu fararen ƙwari ne kamar auduga suka manne mata.

Malamin Zariya: Ta jiƙa ganyen darbejiya ya kwana, ta tace, ta ɗiga sabulu kaɗan ta fesa da yamma. Bayan sati ta maimaita.

Maman Biyu: Amarya kar ki sayi moda, tawa ta yi 'ya'ya huɗu. Ranar Asabar zan biyo ta Kubwa, ki dai huda tukunyar kafin in iso.