Shawarwarin da aka bayar kan yawon kwana ɗaya a duwatsun Skotland

Toh ga abin da na tsinta daga wata hira da aka yi kan yadda za a yi yawon kwana ɗaya daga Edinbura, babban birnin Skotland, zuwa duwatsun ƙasar, kusan kowa ya yarda ɗaukar direba mai jagora naku ku kaɗai ya fi shiga babbar bas, tsada kam akwai amma idan kun kai huɗu ko biyar kuka raba kuɗin da sauƙi, kuma duk inda kuka ce a tsaya za a tsaya.

Inda aka yi ta jayayya shi ne zuwa tafkin Loch Ness. Daga Edinbura zuwa can da dawowa kusan awa 12 ne, yawanci a cikin mota, shi ya sa da yawa suka ce a haƙura da shi a bi hanyar A82 ta filin Rannoch Moor zuwa Glencoe, kwarin da aka yi wa dangin MacDonald kisan gilla a 1692, sai a ƙarasa garin Fort William a hango dutsen Ben Nevis mai tsayin mita 1,345 in gajimare ya bari. Ni ma nan na fi karkata gaskiya.

Lokaci ma abin dubawa ne, a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, a Yuni kuwa har wajen 10 na dare da haske amma sai ka sha cizon wasu ƙananan ƙwari, a tafi da maganin shafawa. Rigar ruwa dole ce ko da an ga rana.

Wasu sun ce a faɗa wa direba tun lokacin da ake shirya tafiyar da shi ya cire tsayawa gidan wiski, ya ware lokacin salla, kuma a riƙe guzuri don naman halal wuyar samu yake a ƙauyukan can, sai dai kifi da dankali.