Muhawara: Wa ya haɗiye kamfanonin giya na iyali a garuruwan gaɓar tekun Birtaniya?

Malam Habu: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kuranta manyan kamfanoni, alhali su ne suka haɗiye ƙananan masana'antun giya na iyali. Ku dubi Belhaven da ke Dunbar a Sikotland, wadda take aiki tun 1719: a 2005 babban kamfanin giya na Greene King ya saye ta, a 2019 kuma shi kansa ya koma hannun wani kamfanin Hong Kong. Waɗannan masana'antu sun daɗe ne domin a da jiragen ruwa na kawo musu kwal cikin sauƙi, kuma yawancin mashayun garin mallakarsu ne, ba a sayar da giyar kowa a ciki sai tasu.

Malama Rabi: Malam, wane iyali kake nufi? Belhaven ta bar hannun magada tun shekarun 1970, saboda haka Greene King bai ƙwace ta daga hannun iyali ba.

Malam Ɗanjuma: Haka ne, Malama. Ko masana'antar Shepherd Neame ta garin Faversham a Ingila da ke tutiya da kafuwarta a 1698, sai a 1864 Percy Neame ya shigo cikinta, kuma duk shekarun da suka gabaci wannan na wasu gidaje ne dabam.

Malam Habu: To Adnams fa? George da Ernest Adnams sun sayi masana'antar giya ta garin Southwold a Ingila a 1872, kuma har yau sunansu take amsawa.

Malama Rabi: Suna ba gado ba ne. A 1902 dangin Loftus suka sayi kaso a cikinta, kuma yanzu duk mai kuɗi yana iya sayen hannun jarinta, don haka ban ga yadda za a kira ta ta iyali ba.

Malam Isiyaku: Ku bar wannan tukuna. Faversham ma ba a bakin teku take ba, wani mashigin ruwa ne ya sada ta da shi, bai kamata a sako ta cikin lissafi ba.

Malam Ɗanjuma: Yallaɓai, garin da jiragen kaya suka yi ƙarnuka suna sauke lodi a cikinsa ne kake cewa ba na teku ba? Da wannan ma'aunin ai sai ka fitar da masana'antar Palmers ta garin Bridport, wadda 'yan'uwa biyu suka saya a 1896, zuriyarsu kuma ke riƙe da ita har yanzu.

Malam Isiyaku: Ita ma na fitar da ita, domin tashar jiragen ruwan Bridport tana West Bay ne, a wajen garin.

Malam Ɗanjuma: Bari in taƙaita wa masu shigowa yanzu. An amince cewa yawancin abin da ake kira kamfanin iyali tallar kasuwa ce, kuma Faversham garin teku ne, illa mutum ɗaya da ya kafe.

Malam Habu: Ba wanda ya amince da haka, Malam, kuma har yanzu ba wanda ya gamsar da ni kan maganar Greene King da na kawo.