Jinin da ke cikin finafinan Koriya: tausayi yake koyarwa ko bushewar zuciya?

Aminu: Ni ra'ayina bai canza ba. Fim irin I Saw the Devil na Kim Jee-woon, wanda ya fito a 2010, cinikin jini ne kawai aka lulluɓe da labari. Hukumar tace finafinai ta Koriya ta Kudu kanta sau biyu tana ba shi matakin da ya hana a haska shi a sinima, sai da aka yanke wasu wurare. Abin da masu shi suka ga ya yi yawa, mu ne za mu ce darasi ne?

Sadiya: Yaya Aminu, ka tuna labarin dai. Jami'in leƙen asiri ne aka kashe masa budurwar da zai aura, tana da ciki. Ya kamo makashin, ya lakaɗa masa duka, ya ɗura masa na'urar bibiya a ciki, sannan ya sake shi don ya sake kamo shi ya ƙara gana masa azaba. To duk sakin da ya yi, wani bawan Allah ne ke biya. Daga ƙarshe makashin ya isa gidan mahaifin yarinyar, tsohon ɗan sanda, ya yi masa jina-jina, ya kashe ƙanwarta. Da an ɓoye mana wannan, tafi za mu yi wa jami'in mu ce namijin duniya. Ganin abin ƙuru-ƙuru ne ya sa ka gane cewa ramuwarsa ta cinye mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba.

Aminu: Sai an nuna min ana tsinke wa mutum jijiyar ƙafa kafin in gane haka?

Malam Habu: Ku dakata, 'ya'yana. Ku koma kan Memories of Murder na Bong Joon-ho, 2003. An gina shi ne a kan kashe-kashen mata da aka yi a yankin Hwaseong na Koriya ta Kudu tsakanin 1986 da 1991. Kisan kansa kaɗan ake nunawa. Amma akwai wata 'yar makaranta da ɗan sandan da ya zo daga Seoul ya taɓa manna wa filasta a baya. Da aka tsinci gawarta, filastar tana nan. Wallahi wannan wurin ya fi duk wani yanka tsaya min a rai.

Aminu: Ka ga, Malam, maganata ke nan. Ba a zubar da jini ba, amma saƙo ya isa.

Sadiya: A'a, Yaya, a wannan fim ɗin ma akwai duka, sai dai 'yan sanda ne ke yi. Ka manta yadda suka riƙa harbin yaron nan mai taɓin hankali da ƙafa, suna karanta masa abin da zai faɗa ya amsa laifi? Kuma ba ƙirƙira ba ce zalla. A 2019 gwajin DNA ya nuna makashin na ainihi, Lee Choon-jae, wanda yake kurkuku tun 1994 kan kashe ƙanwar matarsa. Akwai mutumin da ya yi shekara 20 a gidan yari kan ɗaya daga cikin kisan, ya ce azabtar da shi aka yi ya amsa, kotu ta wanke shi a 2020. Da Bong ya kawar da kyamara daga wancan dukan, da ya rufa wa 'yan sanda asiri.

Bilkisu: Ni kuma damuwata daban ce, Anti Sadiya. A I Saw the Devil, matan su waye? Suna fitowa ne a kashe su ko a ci zarafinsu, kyamara ta daɗe a kansu, sannan labari ya koma kan maza biyu. Ki kwatanta da The Chaser na Na Hong-jin, 2008. Mi-jin, wata mace mai zaman kanta a fim ɗin, tana kwance ba lafiya, da ƙaramar 'yarta a ɗaki, aka tilasta mata fita aiki, ashe wurin makashi aka tura ta. Ta kuɓuta daga gidan makashin da ƙyar, ta ɓuya a wani ɗan shago. 'Yan sanda sun riga sun sake shi, ya shigo shagon, mai shagon da bakinta ta gaya masa akwai wata a ciki. Gudumar nan da ya ɗaga, ni 'yarta kawai nake tunawa.

Sadiya: Wannan na yarda da ke, matan sun cancanci fiye da abin da Kim ya ba su. Amma ban janye maganata kan ramuwar ba.

Aminu: The Chaser zan iya amincewa da shi, Bilkisu, don an bari na san matar kafin a kashe ta. I Saw the Devil kuwa har gobe ba zan ce wa kowa ya kalla ba, balle yaran da ke tura wa juna guntayensa a waya, ba tare da labarin da Sadiya ke karewa ba.