Muhawara: sunan duma a Latin, "busasshen tulu" ne ko goran giya?

Malam Habu: Jama'a, sunan duma a kimiyyar tsirrai Lagenaria siceraria ne. Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibaina, ma'anarsa "busasshen tulu", tunda sai ya bushe ake fafe shi.

Binta: Malam, a gafarce ni, ina da ja. Lagenaria daga lagena ta fito, kuma lagena a Latin mazubi ne mai kumburarren ciki da siririn wuya, wanda Romawa ke zuba ruwan inabi a ciki. Wannan ai ya fi kama da gora ko buta. Tulu ya yi masa girma.

Malam Habu: Tulu ko gora, duk mazubin ruwa ne. Bushewar fa?

Isiyaku: Nan ne gardamar take, Malam. Kalmar bushewa siccus ce, da c biyu. Siceraria c ɗaya gare ta, daga sicera ta fito, wato abin sha mai sa maye. Latin ta aro ta daga Girkanci, su kuma daga Ibrananci shekar. Tana cikin Linjilar Luka ta Latin, 1:15, inda aka ce Yahaya ba zai sha ruwan inabi ko sicera ba. Saiwarta ɗaya da kalmar sakar ta Larabci, wadda ke cikin Suratun Nahli aya ta 67.

Malam Habu: Haba Isiyaku! Ƙwaryar da muke dama fura a ciki za ka jingina wa giya?

Binta: Wanda ya raɗa sunan bai san fura ba, Malam. Juan Ignacio Molina ne, mutumin Chile, a 1782, kuma Cucurbita siceraria ya kira shi. Wani masanin tsirrai, Seringe, ya kafa rukunin Lagenaria a 1825, sai 1930 wani masanin, Standley, ya haɗa sunayen biyu.

Larai: Ni ina tare da Malam ta gefe guda. Ƙwarya da ludayi da zunguru duk duma ne, kuma babu mai wuyan gora a cikinsu. Sunan ya ɗauki siffa ɗaya ya bar sauran.

Isiyaku: Gaskiya ne, Yaya Larai, amma wannan ƙorafi ne a kan masu raɗa suna. Ma'anar tana nan yadda take.

Malam Habu: Na karɓi gora. Batun giya kuwa, sai na ga abin da Molina ya rubuta da hannunsa.